Mas'alar Ɗaukar Bindiga A Jihohin Amurka

 

Ya ku malamai da almajirai, da ku attajirai da fatake, akwai wata magana da ta yawaita a bakin mutane, a rumfunan kasuwa da zaurukan karatu da tashoshin mota, tun sa'ad da ɓarayin daji suka matsa wa ƙauyuka. Sai ka ji mutum ya ce, a Amurka kowa yana yawo da bindigarsa, doka ta yarje masa, kowace jiha ita ke da ikon abinta, to don me mu za a hana mu? Masu faɗin haka yawancinsu ba mutanen banza ba ne. Mutane ne waɗanda aka ƙona wa rumbu, ko aka kore wa shanu, ko aka sace wa ɗa. Amma duk wanda ya durƙusa gaban malami ya san ba a ɗauko hukunci a bar sharuɗɗansa a baya, kuma ba a kafa hujja da nassin da aka gutsure. Tun da an kawo Amurka shaida, to sai a bar ta ta faɗi shaidarta duka, har da abin da mai ƙara ba ya son ji.

Ku sani Amurka ba doka ɗaya gare ta ba cikin wannan mas'ala. Jihohi 50 ne, kowace da Gwamnanta, da Majalisar Dokokinta, da alƙalanta, da 'yan sandanta, kuma yawancin dokokin laifi, na kisa da na sata da na ɗaukar makami, jiha ita ke rubuta abinta. Abin da ya ɗaure su wuri ɗaya shi ne tsarin mulkin tarayya. Cikin gyaransa na biyu, wanda aka tabbatar a 1791, an ambaci haƙƙin jama'a na ajiye makamai da ɗaukarsu, an kuma gama wannan da zancen rundunar mutanen gari mai tsari. Jumla ɗaya ce tak, amma masanan shari'arsu sun shafe fiye da shekara 200 suna jayayya a kanta, watau shin haƙƙin na kowane mutum ne shi kansa, ko kuwa na rundunar ne. Sai a 2008, cikin shari'ar da ake kira ta Heller, alƙalai 5 na Kotun Ƙoli suka rinjayi 4, suka ce na mutum ne shi kansa, suka soke dokar birnin Washinton wadda ta hana ajiye libarba a gida. A 2010, bisa ƙarar da aka kai birnin Shikago, kotun ta ce hukuncin ya hau kan jihohi da birane duka. Amma ko cikin hukuncin na 2008, alƙalin da ya rubuta shi, Antonin Scalia, ya faɗi a sarari cewa haƙƙin yana da iyaka: ana iya hana shi ga wanda aka taɓa samu da babban laifi, da mai taɓin hankali, ana kuma iya hana shiga da makami wurare kamar makarantu da gidajen gwamnati.

Hukuncin nan biyu a kan ajiya a gida suka tsaya. Ɗauka a fita da ita cikin mutane mas'ala ce dabam, mu kuwa ba baƙi ba ne ga wannan rarrabewa. Ya zo cikin Buhari da Muslim cewa an umurci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani ciwo, an kuma hana nuna ɗan'uwa da makami, malamai suka ce ko da wasa ne. Ba a hana mutum mallakar kwari da baka ba, amma da ya shigo cikin taro sai wani hukunci ya ƙaru a kansa. To, a kan wannan kashi na biyu ne jihohin Amurka suka rarrabu.

Abin mamaki, mutanensu na da sun fi ƙyamar ɓoye makami bisa ga bayyana shi. Jihar Kentaki da ta Luwiziyana sun hana ɓoye makami a jiki tun 1813, domin a ganinsu mai rataye bindiga a fili ya sanar da kowa halin da yake ciki, mai cusa ta ƙarƙashin riga kuwa maha'inci ne. Yau yawancin lasin da ake bayarwa na ɓoyewa ne. Har garuruwan kaboyi, waɗanda samari suka saba gani a silima ana ta harbe-harbe, ba haka suke ba ƙwarai. Garin Tumston, a yankin Arizona, ya kafa doka a 1881 cewa wanda ya shigo gari sai ya ajiye makaminsa, kuma faɗan da ya fi kowane shahara a tarihin garin, cikin watan Oktoba na wannan shekara, ya tashi ne sa'ad da 'yan doka suka tafi karɓe makaman wasu mutane da ba su ajiye ba.

Jihar Nuyok ta kafa tata dokar a 1911, ta ce ba mai riƙe libarba sai da lasin, sa'an nan aka ƙara sharaɗin cewa mai son fita da ita sai ya nuna wani dalili na musamman, wanda ya wuce tsoron da kowa ke ji. Ma'aikacin hukuma shi ke auna dalilin, in ya ga dama ya ba ka, in ya ga dama ya hana. Jihohi da yawa sun bi irin wannan hanya. Kada mai karatu ya zaci za mu yabe ta gaba ɗaya, domin duk inda aka ce sai ma'aikaci ya ga dama, to an buɗe ƙofar son kai da ta cin hanci. A 1956, bayan an jefa bom gidan Martin Luther King a jihar Alabama, ya nemi izinin ɗaukar bindiga, aka hana shi, alhali ba wanda ya fi shi dalili a wannan gari. A birnin Nuyok kuwa, cikin 2016 da 2017, an gurfanar da wasu 'yan sandan ofishin ba da lasin bisa laifin karɓar toshiya. Kuma tsanantawar wani lokaci tana bin launin wanda ya ɗauki bindigar. A 1967 wasu samarin baƙar fata na ƙungiyar Baƙar Damisa sun shiga ginin Majalisar jihar Kalifoniya riƙe da bindigoginsu a fili, abin da doka ba ta hana ba a lokacin. Shekarar ba ta ƙare ba sai da Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a dokar hana yawo da bindiga mai harsashi a ciki.

Daga 1987 iska ta juya. Jihar Fulorida ta kafa doka cewa duk wanda ya cika sharuɗɗan da aka rubuta, watau shekaru, da rashin babban laifi a bayansa, da horo, da kuɗin takarda, to wajibi ne a ba shi lasin, ma'aikaci ba shi da ta cewa. Jihohi suka yi ta bin sawunta ɗaya bayan ɗaya, har ya rage sai Ilinoyi kaɗai ta hana ɓoye bindiga gaba ɗaya, ita ma kotu ta tilasta mata ta buɗe a 2013. Wasu suka zarce nan, suka ce lasin ɗin ma a bar shi. Jihar Bamont dama ba ta taɓa neman lasin ba. Alaska ta bi ta a 2003, Arizona a 2010, Taksas a 2021, Fulorida a 2023, har ya zamana zuwa ƙarshen 2024 jihohi 29 ba su neman lasin ga wanda doka ba ta haramta wa riƙe bindiga ba. Wannan shi ne ƙwayar gaskiyar da ke cikin maganar masu magana, ba mu kuwa ɓoye ta ba.

Ranar 23 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar da ake kira ta Bruen, alƙalai 6 suka rinjayi 3, Clarence Thomas ya rubuta hukuncin. Aka soke sharaɗin nan na Nuyok na nuna dalili na musamman, hukuncin ya shafi Kalifoniya da Niyu Jasi da Merilan da Masacuset da Hawayi. Amma ba a soke lasin kansa ba. Kwana takwas bayan haka Nuyok ta kafa sabuwar doka: mai neman lasin sai ya zauna aji awa 16, ya yi awa 2 yana gwajin harbi, ya kawo mutum huɗu masu shaidar halinsa, ya bayyana gaban ma'aikaci ido da ido. Sa'an nan ta jera wuraren da ko mai lasin ba ya shiga da bindiga, har da makarantu, da asibitoci, da jiragen ƙasa na cikin birni, da babban dandalin nan na Times Square. An kai ƙara, kotuna sun dakatar da wasu sassan dokar, sun bar wasu. Taksas ma, wadda ake kafa hujja da ita, dokarta ta 2021 ba ta buɗe wa mai bindiga kotu ba, ko wurin jefa ƙuri'a, ko mashaya, kuma mai kanti yana da ikon ya kafa allo a ƙofarsa ya hana.

Yanzu ku kasa kunne, ya ku fatake, domin nan ne abin ya fi shafarku. Ba shinge tsakanin jiha da jiha a Amurka, ba mai tambayarka fasfo, ba kuɗin fito. Mota tana haye gada cikin minti biyar, amma hukuncin abin da ke aljihunka ya riga ya sake. Wasu jihohin suna karɓar lasin junansu, wasu suna karɓar na kowa, Nuyok da Niyu Jasi da Kalifoniya kuwa ba su karɓar na kowace jiha. Cikin watan Oktoba, 2013, wata mace baƙar fata mai 'ya'ya biyu, mutuniyar birnin Filadelfiya, wadda ta sayi libarba bisa doka bayan an yi mata fashi, ta kuma sami lasin jiharta ta Fensilbaniya, ta haye zuwa Niyu Jasi maƙwabciyarsu. Ɗan sanda ya tsayar da ita a kan ɗan ƙaramin laifin tuƙi. Ita da bakinta, don gaskiya, ta ce masa tana da bindiga, ga kuma takardarta. Nan take aka kama ta. Ta yi makonni a tsare, dokar wannan jiha kuwa mafi ƙarancin hukuncinta ɗaurin shekara uku da rabi ne, ba a ragewa. Sai da maganar ta cika ƙasa kana aka sassauta, Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa a 2015. Ba ta harbi kowa ba, ba ta nuna kowa da ita ba. Haifaffiyar ƙasar ke nan, mai jin harshensu, ina ga baƙo, wanda aka ce ko da ido makaho ne?

Gwamnatin tarayyarsu ta ɗan rage wannan wahala a 1986, ta ce matafiyi yana iya ratsa kowace jiha da bindigarsa kadan halal ce a inda ya taso da inda ya nufa, amma sai an fitar da harsashi, an kulle ta inda hannu ba ya kaiwa. Wannan izinin wucewa ne kawai, wanda ya sauka ya yi zango ya shiga hatsari. A watan Disamba, 2017, Majalisar Wakilai ta yarda da wata doka da za ta tilasta wa kowace jiha karɓar lasin 'yar'uwarta, Majalisar Dattawa ba ta zartar ba. A filayen jirgin sama kuwa, cikin 2023 kaɗai, masu bincike sun tsinci bindiga 6,737 cikin jakunkunan hannu na fasinjoji, fiye da tara cikin goma da harsashi a ciki. Mantuwa ba ta hana tara.

Bisa dukan dokokin jihohi akwai rufin dokar tarayya ta 1968, wadda ba jihar da ke iya ɗage ta. Ta haramta bindiga ga wanda aka taɓa samu da babban laifi, da mai shan ƙwaya, da wanda kotu ta tabbatar da taɓin hankalinsa. Ta hana dillali mai lasin ya sayar da libarba ga wanda bai kai shekara 21 ba. Tun 1998 dillali ba ya miƙa bindiga sai an duba sunan mai saye cikin kundin hukuma, ko da yake a jihohi da yawa cinikin mutum da mutum ba ya bi ta nan, wannan kuwa ɓaraka ce da su kansu suke jayayya a kanta. A 2024 Kotun Ƙoli, alƙalai 8 bisa 1, ta tabbatar da hana bindiga ga mutumin da kotu ta yi wa iyaka da matarsa saboda duka ko barazana.

Cikin wannan doka akwai sashen da ya kamata kowane mai zuwa Amurka sayayya, ko jinya, ko karatu, ko ziyarar ɗansa, ya haddace. Baƙon da ya shiga da bizar ɗan lokaci haramun ne gare shi ya riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya shiga cikin 'yan togaciya kaɗan, kamar mai lasin farauta na wata jiha. Wanda ke zaune ba takarda kuwa ba togaciya gare shi ko ɗaya. Ba ruwan wannan hukunci da cewa kana Taksas ko Arizona. Maƙwabcinka yana rataye da tasa a kasuwa halal, kai ka karɓa ka riƙe ka shiga laifin tarayya, mai jawo ɗauri, da kora daga ƙasa bayan ɗaurin. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi taka ka ɗaura, amma ban da wannan wutsiyar. Haka nan wanda ya saya ya cusa cikin tsohuwar mota ko cikin kaya don a auno masa gida, ya karya dokar ƙasa biyu a tafiya ɗaya.

Sa'an nan takarda ba ta tare harsashi. A 2016, a jihar Minesota, ɗan sanda ya tsayar da wani baƙar fata mai suna Philando Castile, mai lasin ɗaukar bindiga. Ya sanar da ɗan sandan yana da ita, cikin 'yan daƙiƙu aka harbe shi a mazauninsa, gaban budurwarsa da ƙaramar 'yarta, a 2017 kuma kotu ta sallami ɗan sandan. Kafin wannan, ranar 4 ga Fabrairu, 1999, Amadu Jallo, Bafulatanin ƙasar Gini mai kasa kaya a bakin titi a Nuyok, yana tsaye ƙofar gidansu, ya sa hannu aljihu ya ciro alabensa, 'yan sanda huɗu suka zaci bindiga ce, suka sakar masa harsashi 41. Ba shi da makami ko na yanka albasa. Su ma an sallame su. Inda ake zaton kowane aljihu da bindiga, to ɗan sanda da yatsansa a kan kunama yake fita, mara bindiga ma yana biyan kuɗin wannan zato.

To, me abin ya haifa? A nan sai mu faɗi abin da aka ƙidaya, mu kuma faɗi inda masanansu suka saɓa. An ƙiyasta a 2017 akwai bindiga wajen miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, watau sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu, wal'iyazu billahi. Wannan shi ne abin da ba a faɗi a kasuwa: bindigar da aka saya don ɓarawo sau da yawa cikin gida take ƙarewa, ranar baƙin ciki ko ranar fushi. A wannan shekara, cikin kowane mutum 100,000, an rasa wajen 34 a jihar Misisifi mai sassaucin doka, an rasa ƙasa da 4 a Masacuset mai tsanani. Mai jayayya zai ce, ina Bamont, wadda ba ta taɓa neman lasin ba, ga shi kisan kai bai yawaita a cikinta ba? Gaskiyarsa, kuma wannan ya nuna talauci da halin zaman jama'a suna da nasu rabo, ba doka kaɗai ba. Wani masani, John Lott, ya wallafa littafi a 1998 yana cewa yawan masu ɗaukar bindiga yana rage laifi, aka yi ta kafa hujja da shi a majalisun jihohi. Kwamitin masana na ƙasar ya duba a 2004 ya ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci da ita ba. A 2019 John Donohue na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka fitar da nasu bincike, suka ce jihohin da suka sassauta, bayan shekara goma, laifin ta'adi ya ƙaru a cikinsu da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari bisa ga abin da da zai kasance. Mu abin da muka fi karkata gare shi shi ne na baya, domin ya ga shekarun da na farko bai gani ba. Ko wanda bai yarda da mu ba dai ba shi da ikon ya ce mas'alar ijma'i ce.

Saura ƙiyasin da ake yi da ƙasarmu. Kwana uku bayan hukuncin Bruen, cikin watan Yuni ɗin nan na 2022, gwamnatin jihar Zamfara ta Bello Matawalle ta ba da sanarwa cewa mutane su nemi bindiga su kare kansu, ta ce za a rarraba takardun neman lasin ta hannun masarautu. Nan da nan Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce Gwamna ba shi da wannan iko. Ta wajen doka maganarsa ita ce daidai. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya sa makamai da harsasai cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su uku. Bindigogin soja, da masu sarrafa kansu, da libarba, ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, sai Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita ce ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha, shi kuwa ma'aikacin tarayya ne. Ashe libarbar da duk gardamar Amurka ke kanta, mu a nan tana cikin kashin da ya fi kowane tsanani. Can jiha ita ke rubuta dokar, 'yan sandanta ke tsare ta, alƙalanta ke hukunta wanda ya karya. Nan Gwamna ba ya rubuta ta, ba ya ba da lasin. Wannan shi ne abin da malamai ke kira ƙiyasi tare da bambanci, ba a kuwa gina hukunci a kansa.

Ba muna cewa mutumin ƙauye ya miƙa wuya a yanka ba. Tunkuɗe mai ta'adi halal ne a shari'a da doka, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake yoyo. Wanda ke kwana cikin birni bayan katanga, da ɗan sanda a ƙofarsa, ya ji kunyar yi wa mutumin da ke kwana a gona wa'azin haƙuri. Amma mun ga abin da ya faru a Zamfara sa'ad da makami ya shiga hannun 'yan sa-kai ba rajista, ba shugaba mai amsa tambaya: an kashe wanda bai ji ba bai gani ba a kasuwanni da rugage, ramuwa ta haifi ramuwa. Jihar Katsina a 2023, da Zamfara a 2024, sun kafa rundunonin tsaron al'umma masu horo da albashi da sunaye a rubuce. Ko mene ne aibinsu, aƙalla in an yi ɓarna akwai wanda za a kira.

Abin da muke kira gare shi, Majalisar Tarayya ta ɗauko dokar 1959 ta duba ta a fili, gaban jama'a, maimakon a bar mutane tsakanin Gwamna mai cewa ku saya da ɗan sanda mai cewa mu kama. In za a buɗe wa mutanen ƙauyukan da ke bakin daji ƙofa, to a ɗauki abin da ya yi kyau daga ɓangarorin Amurka biyu. Daga Fulorida ta 1987 a ɗauki rubutaccen sharaɗi, wanda in talaka ya cika shi ba mai hana shi don ba shi da uban gida ko abin toshiya. Daga Nuyok a ɗauki horo, da masu shaidar hali, mu kuwa muna da waɗanda suka fi nasu sanin mutane, watau mai unguwa da dagaci da hakimi da limami. A tsaya ga doguwar bindiga, wadda ba ta ɓoyuwa cikin riga. A rubuta lambarta, a ƙidaya harsashi, a sabunta lasin kowace shekara. A hana ta shiga kasuwa, da masallaci, da makaranta, da wurin biki, da taron siyasa, domin ko Taksas ta hana ta wurin ƙuri'a. Wanda aka sani da shaye-shaye, ko da dukan iyali, ko da tsohuwar gaba da maƙwabci, kada a ba shi ko ɗan wane ne.

Kafin a yi wannan, ya kai mai fatauci tsakanin Kano da Gusau, ko Katsina da Maraɗi, kada wani dillali ya ruɗe ka da libarba ka sa ƙarƙashin kujerar mota. Dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi tara, ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko duka biyu, ga wanda aka samu da bindiga ba izini. Ran da aka tsayar da kai a shinge, jawabin da Gwamna ya yi a rediyo ba zai zama maka lasin ba, alƙali kuma ba zai buɗe dokar Taksas ba.